Emi Kusi, Dutsen Da Ba Shi Da Turba

Ga hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, kowa yana fama da tari da faso. A duk shekara haka muke karɓar wannan ƙura, mu share ta daga tabarma da kan kayan tireda, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar daga ina take tasowa. To, daga cikin ƙasarmu Cadi take fitowa. Kudu maso yammacin Faya akwai wani ƙaton kwari da ake kira Bodele, wanda a zamanin da can ƙasan tafki ne. Iskar arewa maso gabas takan matso ta tsakanin duwatsun Tibasti da na Enedi kamar ruwa a cikin mazurari, ta faɗa wa wannan kwari da ƙarfi, ta ɗebi garin ƙasarsa ta watsa mana, ta wuce da shi Kano da Damagaram har bakin teku. Ɗaya daga cikin ginshiƙan wannan ƙofa ta iska shi ne dutsen da za mu yi magana a kansa a wannan wata, wato Emi Kusi.

Tsawonsa mita 3,415 ne daga bisa teku. Babu dutsen da ya kai shi a Cadi, babu kuma wanda ya kai shi a duk faɗin Sahara. Tahat na ƙasar Aljeriya mita 2,908 ne, Bagzan na Abzin 2,022, Cabbal Wadi kuwa, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, 2,419. Injamena da muke zaune ba ta wuce mita 300 ba. Mu da kakanninmu suka taka ƙasa da ƙafa daga Kano da Katsina suna neman gabas, har wasu suka yada zango a nan suka haife mu, mun san zangon hanyar Abeshe ɗaya bayan ɗaya, mun san farashin kaya a Kusiri da Maiduguri, amma in ka tsaya a kasuwar gero ka tambayi mutum goma ina Emi Kusi yake, da wuya biyu su nuna maka arewa. Abin da muka sani na arewa shi ne dabinon Faya da kanwa, sai kuma, a 'yan shekarun nan, zinariya.

A harshen Tubawan Teda, masu wannan ƙasa, kalmar emi tana nufin babban dutse. Amma kada mai karatu ya zana tsinin dutse a ransa irin na Hajar Hamis da ake zuwa yawon buɗe ido kusa da tafki. Emi Kusi tsohon dutse ne mai aman wuta, narkakken dutse ya yi ta kwararowa yana daskarewa, wani bisa wani, har ya zama kamar ƙatuwar ƙwarya da aka kife a ƙasa, faɗinta ya kai kilomita 60 zuwa 70. A samansa kuma ba tsini ake tararwa ba, rami ne. Bayan da cikinsa ya amayar da abin da ke ciki, sai rufin ya rufta, ya bar wani wawakeken fili mai tsawon kamar kilomita 15, ganuwar dutse ta kewaye shi. Cikin wannan fili akwai wani ramin kuma, ana ce masa Era Kohor, zurfinsa mita 350, ƙasansa fari fat. Wanda ya hango daga nesa sai ya rantse ƙanƙara ce. Kanwa ce. Shekaru dubbai da suka wuce, lokacin da Sahara take da ciyawa da shanu da raƙuman dawa, kamar yadda zanen da ke jikin duwatsun Tibasti yake nunawa har yau, tafki ne a cikin wannan rami. Ruwan ya ƙafe ya bar gishirinsa. Masana sararin samaniya ma sun yi nazarin dutsen domin ya yi kama da wani dutse da ke duniyar Mas, abin da ya sa muke cewa watakila waɗanda suka san siffarsa a Amurka sun fi waɗanda suka san ta a Injamena yawa.

Masu sha'awar hawan duwatsu a ƙasashen Turai sun raba abin gida biyu. Akwai dutsen da ke da turba, an share ta, an sa alamu, wani wurin ma an gina ɗakunan kwana. Dutsen Kamaru, mai mita sama da 4,000, irin wannan ne, har tseren gudu ake yi a kansa kowace shekara daga garin Buya. Akwai kuma dutsen da mutum zai nemi hanyarsa da kansa, babu turba, babu alama, babu wanda zai ji kiransa in ya faɗi. A wurinsu wannan shi ne na gwanaye, kuma Emi Kusi yana cikin na gaba-gaba a wannan aji. Sai dai akwai abin da ya raba shi da sauran, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Tafiyar Emi Kusi doka biyu gare ta, kuma suna karo da juna. A ƙasa, kafin a kai gindin dutsen, ratse hanya ko da taku ɗaya yana iya zama ajali. A sama kuwa babu hanyar da za a bi balle a ratse.

Bari mu fara da ta ƙasa. Daga Injamena zuwa Faya kusan kilomita 1,000 ne, ta Masakori da Musoro, a ƙetare rairayin Jurab. Kwalta takan yi sallama da matafiyi tun da wuri, sauran tafiyar sawun taya ne bisa rairayi da fako. Daga Faya kuma sai a ƙara nausawa arewa a mota mai jan ƙafa huɗu. Wannan ƙasar ita ce filin yaƙin Cadi da Libiya, wanda ya yi tsanani daga 1978 zuwa 1987, shekarar da aka ci Fada a watan Janairu, aka ci Wadi Dum a watan Maris. Kotun duniya ta yanke hukunci a 1994 cewa zirin Auzu na Cadi ne, sojan Libiya suka janye, amma nakiyoyin da aka binne ba su janye ba. Daga baya tawayen da ya tashi a Tibasti a 1998 ya ƙara nasa. Cadi ta shiga yarjejeniyar Otawa ta hana nakiyoyin da ake binne wa mutane a 1999, an yi aikin tono a wurare da dama, an kuma sha ƙara mata wa'adin gama aikin. Nakiya ba ta san an yi sulhu ba, ba ta kuma san ɗan gari ba. Yusuf Togoimi, tsohon ministan tsaro wanda ya jagoranci wancan tawaye, haifaffen Tibasti ne, yana da mayaƙan da suka san kowane lungu, amma nakiya ce ta tashi da motarsa a 2002, ya rasu a asibiti a Tarabulus bayan 'yan makonni.

Saboda haka direban kirki a wannan yanki yana ɗora tayarsa daidai bisa sawun wanda ya riga shi wucewa. Ba ya yanke don ya rage tafiya, ba ya kauce wa gargada don ya ji daɗin lallausan yashi na gefe. Fasinja in ya sauka zai kama ruwa, bayan mota yake zagayawa ya tsuguna cikin sawun da aka riga aka taka, kunya ta jira a gida. In an ga an jera duwatsu, ko an shafa musu jan fenti, ba ado ba ne. Kuma akwai wani abu da baƙo ba ya kawowa a ransa: ko da yake ruwan sama a Faya ba ya kai milimita 20 a shekara, a kan duwatsu yakan sauka da yawa lokaci guda, ya gangaro ta busassun ƙoramu da Tubawa ke kira eneri, ya kwashi yashi da duk abin da ke cikinsa. Nakiyar da aka binne a wani wuri shekara 30 da suka wuce tana iya kwana yau a wurin da bara aka bi lafiya. Wannan labari babu taswirar da ke ɗauke da shi. Yana bakin makiyayin da raƙuminsa ya taka ta.

Inda mota ta gaza, nan doka ta biyu take farawa. Masu hawa sukan taso ko dai ta kudu, wajen maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Yi Yera, inda ruwa ke fitowa da ɗumi kamar na jikin mutum, ko kuma ta yamma, ta kwarin Miski. A nan ake sauke kaya daga mota a ɗora wa raƙuma ko jakuna. Daga nan zuwa ƙololuwa kwanaki ne a ƙafa, masu zuwa sukan ba hawan kwana 3 ko fiye, domin ka tuna faɗin ƙwaryar nan da muka ambata: daga bakinta zuwa tsakiyarta kilomita 30 ne a miƙe, kuma babu mai tafiya a miƙe a kan Emi Kusi.

Abin da ke wahal da mutum ba tsayin hawan ba ne, domin gangaren a kwance yake, ba a bukatar igiya ko ƙugiya. Ƙasar ce. Baƙaƙen duwatsu ne birjik, daga mai girman dunƙulen hannu zuwa mai girman tukunya, suna motsi a ƙarƙashin ƙafa, suna cin takalmi kamar zarto. Sa'an nan ruwan shekaru aru-aru ya tsattsaga jikin dutsen, kwazazzabai sun gangaro daga sama ta kowace fuska. Mutum yana tafe a kan shimfiɗaɗɗen tudu, ya ga inda za shi a gabansa kamar ya miƙa hannu, sai kawai ƙasa ta buɗe a gaban ƙafarsa, rami mai zurfi mai miƙaƙƙen bango. Ko ya koma baya rabin yini ya nemi mashiga, ko ya yi ganganci. Iskar wurin kuma tsabtarta ta yi yawa, babu itace babu gida da ido zai auna nisa da shi, tudun da ka ce sa'a ɗaya zai ci sa'a huɗu. In ka hau shi kuma sai ka tarar da wani a bayansa. Ƙololuwar gaskiya ba ta nuna kanta sai a ƙarshe.

To, a nan ne muke da ja da masu cewa wurin daji ne da ba kowa, ba hanya. Hanya akwai ta, ba a ƙasa aka shimfiɗa ta ba ne kawai. Tana cikin kan Batuben da ke gaba. Shi ya san wane tudu ne tsakanin kwazazzabo biyu yake zarcewa har sama, wane ne yake yankewa. Shi ya san inda raƙumi mai kaya zai iya sauka ba tare da ya karye ba. Yana ganin dutse uku da aka ɗora bisa juna, waɗanda kai ka ɗauka iska ce ta tara, ya gane saƙon wanda ya ɗora su. Yana karanta kashin ragon dutse da sawun jaki ya san ko an sha ruwa kusa. Mafi girma duka, ya san kwarmin dutse inda ruwan sama ke maƙalewa a inuwa, abin da Larabawa ke kira gelta, ya kuma san wanne ne ya samu ruwa bana, wanne ne ya bushe tun shekara biyu. Na'urar GPS tana gaya maka inda kake tsaye daidai wa daida, tana kuma iya nuna maka inda wani ya taɓa shan ruwa. Ba ta san ko ruwan yana nan ba. Mu 'ya'yan fatake bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Ayarin kakanninmu yana da madugu mai mulkin tafiya, yana kuma da jagaba mai sanin hanya da rijiyoyi, ba a taɓa jin attajiri ya ce don dukiyar tasa ce shi zai shige gaba ba.

Ko jagoran ma ɗan Adam ne. Bajamushen likitan nan Gustaf Naktigal, wanda daga baya ya kai wa Shehu Umar na Borno kyautar sarkin Furusiya a Kukawa a 1870, shi ne Bature na farko da ya shiga Tibasti ya fito da rai ya ba da labari. A 1869 ya taso daga Murzuk, kuma tun kafin ya kai duwatsun jagoransa ya ɓace wa rijiya, ƙishirwa ta kai su bakin kabari kafin a samo ruwa. Da ya isa Bardai mutanen garin ba su yi maraba da shi ba, ya zauna kamar ɗaurarre, daga ƙarshe ya sulale da dare, ya koma Murzuk a tsumma. Darasi biyu ne a tafiyarsa, na ruwa da na izinin masu ƙasa, kuma har yau su ne dai. Bafaranshe Jan Tilho ya zagaya Borku da Tibasti yana aune-aune tsakanin 1912 da 1917 (shi ne dai wanda tun farko yana cikin waɗanda suka shata iyakar da ta bar Katsina a hannun Ingilishi, Maraɗi a hannun Faransa, don haka mu ma ya taɓa mu). A 1938 kuma Baturen Ingila Wilfred Tesija, wanda ke aikin gwamnati a Sudan, ya zo bisa raƙumi daga Darfur tare da wani saurayi mai suna Idris Daud, suka hau Emi Kusi. Littattafai sukan yi ta lissafin wane ne ya fara hawa. Mu dai dariya abin yake ba mu. Duk wanda aka rubuta sunansa, wani ne ya nuna masa hanya, wanda ya nuna masan kuwa ai ya riga shi zuwa, shi da ubansa da kakansa, suna bin awaki ko farautar ragon dutse.

Yanzu ga lissafin jiki, wanda shi ma ba ya karɓar roƙo. Mai tafiya a ƙafa a busasshiyar iska irin wannan yana bukatar lita 4 zuwa 5 na ruwan sha a yini, ban da na girki. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Mutum 6 a kwana 6, in an yi lissafi da lita 5, lita 180 ke nan, nauyin buhu uku da rabi na siminti, kuma ba a sa na jagora da masu raƙuma ba. Wannan ya sa babu mai hawan Emi Kusi da jaka a baya shi kaɗai. Ruwan kuma a raba shi cikin jarkoki da salkuna da yawa, kada a zuba rai duka a mazubi ɗaya, domin raƙumi yana tuntuɓe. Alwala da wanka sai a jingine su, addini ya yi sauƙi, ƙasa mai tsarki ba ta yanke ba a can. Ana ba da labarin cewa Batube yana iya kwana uku da ƙwayar dabino ɗaya, ran farko ya ci ɓawon, na biyu naman, na uku ya tsotsi ƙwallon. Labari ne mai daɗi a majalisa. Kai da ka saba da tuwo sau biyu a yini, ka ɗauki garinka da ƙuli-ƙuli da kilishi da sukari da shayi isassu.

Sai sanyi. A kowane mita 1,000 da aka hau, zafin iska yana raguwa da kamar digiri 6. Tsakanin Injamena da bakin ramin Emi Kusi akwai mita 3,000 da ɗoriya, wato kusan digiri 20. Lokacin da ya dace da tafiyar kuwa shi ne na ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, domin da bazara ƙasan ba ta shiguwa. A waɗannan watanni ruwa yana daskarewa cikin jarka da dare a can sama. Mutumin da iyakar sanyin da ya sani shi ne na asubahin hunturu a bakin kogin Shari, ya sa rigar sanyi ɗaya ya ce ya shirya, zai kwana yana kaɗa haƙori, in ma ya kwana. Itacen jin ɗumi babu, sai 'yan ƙananan tsirrai dangin tazargade da ke fitowa tsakanin duwatsu, su ne kuma abincin dabbobin masu wurin, bai kamata baƙo ya tumɓuke su ya ƙone a dare ɗaya ba.

Abu na uku shi ne wanda muka fi so jama'armu su riƙe, domin ba a cika faɗarsa ba. A mita 3,400, numfashi ɗaya yana kawo wa jiki kamar kashi biyu cikin uku ne na iskar da yake samu a bakin teku. Daga mita 2,500 wasu sukan fara ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci, kasala. Wannan bai shafi ƙarfi ko ƙuruciya ba, ɗan dambe yana iya kwantawa tsoho ya wuce. Likitocin duwatsu suna ba da shawarar cewa in an haura mita 3,000 kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. In ciwon kai ya ƙi jin magani, ko mutum ya fara tangaɗi kamar mashayi, ko yana haki alhali yana zaune, magani ɗaya ne, a sauko da shi nan take, ko da dare ne. Ga kuma namu na gida: ciwon sikila, wanda muke kira amosanin jini, yana da yawa a cikinmu. Mai wannan ciwo ba shi ba hawan irin wannan dutse. Wanda ma yake ɗauke da rabin ƙwayar, wato AS, wanda bai taɓa jin komai ba a rayuwarsa, ƙarancin iska da ƙishirwa da gajiya suna iya haɗuwa su taɓa masa saifa, ya ji ciwo mai tsanani a hagun cikinsa. Gwajin jini a asibiti ba shi da tsada in an kwatanta da kuɗin mota zuwa Faya. A yi shi kafin a tashi, domin daga bakin ramin zuwa likita mafi kusa kwanaki ne bisa raƙumi da mota.

Wanda Allah ya kai shi, yakan shiga babban filin ta ɗaya daga cikin giɓin da ke jikin ganuwar, ya kwana a ciki, da safe ya hau gefen kudu inda wuri mafi tsawo yake. Babu tuta, babu gini, tarin duwatsu ne kawai. A gefe ɗaya farar kanwar Era Kohor tana ƙyalli a ƙasan raminta, a ɗaya gefen ƙasa ta gangara ta ɓace cikin hazon Borku, hazon nan da zai iso mana bayan kwana biyu. Masu hawa sun daɗe da sanin cewa saukowa ta fi hawa haɗari. Ƙafa ta gaji, gwiwa tana rawa, ruwa ya ragu, zuciya ta riga ta isa gida. Kuma a dutse mai siffar ƙwarya, kuskuren taku kaɗan a sama yana zama kilomita masu yawa a ƙasa: ka bi kwazazzabon da ke kusa da naka, ka sauko a wani kwari dabam, motar da ke jiranka tana can bayan tudun da ba za ka iya ƙetarewa ba. Targaɗe, wanda a gari abin a ɗaure da tsumma ne, a can yana tsayar da ayari duka yana cin ruwan kowa.

Mun ce ƙasar tana da masu ita, kuma wannan ba maganar ladabi kawai ba ce. A wurin Teda kowane kwari, kowace rijiya, kowane gindin dabino da wurin kiwo yana da zuriyar da ke da haƙƙi a kansa, akwai kuma Darde, babban shugabansu na gargajiya. Takardar izinin zirga-zirga da ake karɓa daga hukuma a Injamena, a nuna wa jandarma a kowane shinge, wajibi ce, amma ba ita ce ke buɗe kwari ba. Jagoran da aka ɗauka daga zuriyar da ke da wurin shi ne izini na biyu, kuma shi ya fi aiki. Yankin ya ƙara tsami tun da aka gano zinariya a Tibasti wajen 2012 da 2013. A 2018 rikici ya ɓarke tsakanin gwamnati da mutanen Miski, a gindin wannan dutse, kan zinariya da kan lardin da za a sa su, aka toshe hanyoyi, sai a Nuwamba 2019 aka sa hannu kan yarjejeniya. A Kuri Bugudi, can kusa da iyakar Libiya, faɗan da ya tashi tsakanin masu haƙa a watan Mayun 2022 ya ci rayuka kusan 100, bisa ga lissafin gwamnati kanta. Duk mai niyyar zuwa sai ya tambayi halin da ake ciki a watan da zai tashi, ba na bara ba.

Wannan ya kawo mu ga waɗanda a gaskiya suke tafiya arewa daga cikinmu. Ba masu yawon buɗe ido ba ne. Samarinmu ne, da na 'yan'uwanmu daga Nijar da Nijeriya, waɗanda ke ɗarewa bayan Toyota su talatin, kowa da jarkarsa ɗaya da bargo, da na'urar neman ƙarfe da aka haɗa kuɗi aka saya. Baturen da ya zo hawan Emi Kusi yana da mota biyu, da jagora, da wayar Thuraya, da wanda ya san ranar da ya kamata ya dawo. Yaronmu ba shi da ko ɗaya, kuma sana'arsa ita ce ratse hanya: zinariya ba ta kwance a inda kowa ya taka, dole ya shiga kwarin da ba sawu, a ƙasar da aka binne nakiya, wadda kuma masu ita ba su gayyace shi ba. Direban da ke gudun shingen soja shi ma yana barin sananniyar hanya, in motar ta lalace a can babu mai wucewa. Ba mu manta da mutum 92 da aka tsinci gawarwakinsu a arewacin Arlit a Oktoban 2013 ba, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, bayan motocinsu sun mutu. Wata hamadar ce, amma ƙishirwar ɗaya ce.

Ba za mu ce kada kowa ya je ba, domin mun san abin da ke korar yaro daga gida, wa'azi kuma ba ya cika tukunya. Amma uba ko wa da zai ba da kuɗin mota yana da ikon yin tambaya kafin ya buɗe aljihu. Mota nawa za su tashi tare? Wane ne Batuben da ke cikin tafiyar, ɗan wane kwari ne? Lita nawa aka ɗaukar wa kowane kai, na kwana nawa, in aka ƙara kwana uku na lalacewar mota? Wa za a kira a Faya in ranar isa ta wuce ba labari? In yaron ya kasa amsa biyu daga ciki, tafiyar ba ta nuna ba tukuna.

Masu hali a cikinmu kuwa, 'yan kasuwa da malaman makaranta da ɗalibanmu na jami'a masu karatun ƙasa da duwatsu, muna ganin lokaci ya yi da wasunsu za su haɗa kai su je su ga wannan dutse in hanya ta yi kyau, kada ya zama sai baƙi daga Turai ne ke zuwa su dawo su ba mu labarin ƙasarmu. A tafi mota biyu, cikin ɗari, da takarda a hannu. A yi ciniki da jagora da masu raƙuma tun a ƙasa, a fili, gaban shaidu, a biya su ba tare da irin tayin da muke yi wa mai tumatir ba. In ya ce yau ba a tashi, ba a tashi. In ya ce a juya alhali ana hangen bakin ramin, a juya. Wanda ya riga ya taɓa zuwa Tibasti, ko hawan dutse ko haƙar zinariya, muna roƙon ya aiko mana da abin da ya gani ta ofishin jarida, musamman labarin rijiyoyi da wuraren da aka ce kada a taka, za mu buga ba tare da sunansa ba in ya so. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.